Karayar Ƙwauri: Abin da Aka Rubuta a Kati ke Bin Majinyaci Har Ya Miƙe

A duk babban asibitin da ke karɓar waɗanda suka yi hatsari, karayar ƙafa tsakanin gwiwa da idon sawu tana cikin raunukan da aka fi shigowa da su ɗakin gaggawa. Ɗan acaɓa da mota ta buge, yaro da ya faɗo daga bishiyar mangwaro, lebura da bulo ya rufto masa, tsohuwa da santsi ya kwashe a banɗaki, duk a wuri ɗaya suke haɗuwa. A wannan lokaci hankalin kowa yana kan tsayar da jini, rage zafi, ɗaukar hoton ƙashi da ɗaure ƙafa, kuma haka ya kamata. Amma akwai wani aiki da ake yi a gefen gado wanda dangi ba su cika kula da shi ba, wato 'yan layukan da likita ke rubutawa a katin majinyaci. Daga waɗannan layuka ne ma'aikacin sashen adana bayanai zai fitar da lambar da za ta wakilci raunin a rajistar asibiti, a takardar inshora, da kuma a ƙididdigar ƙasa. Idan rubutun ya cika, lambar za ta faɗi gaskiya. Idan aka rubuta "karayar ƙafa" kawai aka wuce, to an binne bayanin da likita na gaba, mai biyan kuɗi da mai tsara manufa duk za su zo nema.

Ƙashi biyu, wuraren karaya da yawa

Ƙasusuwa biyu ne ke tsakanin gwiwa da idon sawu. Babban, wanda likitoci ke kira tibiya, shi ne ƙashin ƙwauri da mutum ke iya taɓawa ta gaba, kuma shi ke ɗauke da kusan dukkan nauyin jiki. Ƙaramin, wato fibula, siriri ne da ke kwance ta waje, nauyin da yake ɗauka kaɗan ne, amma ƙarshensa ne ke riƙe idon sawu ta gefen waje. Tibiya ita ce dogon ƙashin da ya fi yawan karyewa a jikin ɗan Adam, kuma da yake fata ce kawai ta rufe gabanta babu nama mai kauri, sau da yawa ƙashin kan fasa fata ya fito, ko abin da ya bugi ƙafar ya huda har ya kai ga ƙashi.

Wurin da ƙashin ya karye shi ke canja komai. Karayar da ta faru a saman tibiya, inda ƙashin ya yi faɗi ya zama shimfiɗar gaɓar gwiwa, tana iya barin mutum da ciwon gaɓa na shekaru idan ba a daidaita ta ba. Ta tsakiyar ƙashi takan ɗauki wata huɗu zuwa shida kafin ta haɗe a jikin babba. Ta ƙasa kusa da idon sawu tana wurin da nama ya yi ƙaranci, rauni kuma yana wuyar rufewa. A jikin yaro akwai ƙarin abin lura, domin kusa da bakin ƙashi akwai wurin da tsawo ke fitowa, idan karaya ta bi ta nan ƙafar na iya gajarcewa ko ta karkace yayin da yaron ke girma. Duk waɗannan a bakin jama'a karaya ce, amma a wajen likita raunuka ne daban-daban, masu magani daban da kuɗi daban.

Asalin lambobin

Tsarin ba cututtuka lamba ya samo asali ne daga jerin dalilan mutuwa da masanin ƙididdiga ɗan Faransa, Jacques Bertillon, ya gabatar a 1893. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamarsa a 1948, kuma tun daga lokacin ake sabunta shi a ƙarƙashin sunan ICD. An amince da bugu na goma a 1990, ƙasashe suka fara aiki da shi daga 1994, kuma shi ne wanda ma'aikatan adana bayanai na manyan asibitocinmu suka fi sabawa da shi. An amince da bugu na goma sha ɗaya a watan Mayun 2019, ya fara aiki a Janairun 2022, ƙasashe kuma suna komawa kansa sannu a hankali.

A bugu na goma, duk karayar da ta faru daga ƙoƙon gwiwa zuwa idon sawu tana ƙarƙashin S82. Lambar da ke bayan ɗigo ita ke nuna wurin. S82.0 ƙoƙon gwiwa ne, S82.1 saman tibiya, S82.2 tsakiyarta, S82.3 ƙasanta. S82.4 na fibula ne idan ita kaɗai ta karye, domin idan ta karye tare da tibiya, lambar tibiyar ce ke ɗauke da su biyun. S82.5 da S82.6 su ne ƙullutu biyu na idon sawu, na ciki da na waje. S82.7 na karaya a wurare da yawa ne, S82.8 kuma ya haɗa da karayar idon sawu ta gefe biyu ko uku. Ana iya ƙara 0 a ƙarshe idan fata ba ta fashe ba, ko 1 idan ta fashe.

Sai ta ƙarshe, S82.9, wadda ma'anarta ita ce an karye a ƙwauri amma ba a faɗi wurin ba. Wannan lamba ita ce ma'aunin ingancin rubutun asibiti. Idan aka buɗe rajistar shekara aka tarar S82.9 ta cika shafuka, ba laifin mai ba da lamba ba ne. Shi kamar tela yake, awon da aka ba shi da shi zai yi ɗinki. Ƙa'idar aikinsa ta hana shi ya duba hoton ƙashi ya yanke hukunci da kansa, ko ya yi hasashen abin da likita yake nufi. Abin da ya rage masa shi ne ya mayar da katin ga likita ya nemi ƙarin bayani, ko ya sa lambar da ba ta faɗi komai ba.

Katuna biyu, majinyaci ɗaya

A ɗauki misalin matashi mai babur da mota ta buga a mahaɗar titi da dare. A katin farko an rubuta: hatsarin hanya, karayar ƙwauri, an ɗaure, a kwantar. A kati na biyu an rubuta lokacin da hatsarin ya faru da lokacin da aka iso asibiti, cewa shi ne ke tuƙa babur, mota ce ta buge shi a kan titi. An rubuta cewa ƙafar hagu ce, tibiya ta karye a tsakiya a gicciye, ɓangarorin sun goce, fibula ma ta karye. Akwai rauni mai tsawon santimita huɗu a gaban ƙwauri, da ƙasa a cikinsa. Ana jin bugun jini a bayan ƙafa, yatsu suna da ɗumi, yana iya motsa su, yana jin taɓawa. An ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya da ƙarfe kaza, an yi masa allurar tetanus, ba ya da ciwon suga amma yana shan taba.

Rubuta kati na biyu bai fi 'yan mintuna ba, amma bambancinsu ya wuce na tsawo. Ƙa'idar ICD ta ce duk karayar da ba a bayyana ko fata ta fashe ko ba ta fashe ba, a ɗauke ta a matsayin rufaffiya. Saboda haka kati na farko zai mayar da rauni mai haɗarin ruɓa ya zama karaya mai sauƙi a kan takarda. Likitan da ya karɓi aiki da safe ba zai san ko yatsun da ya tarar sun yi sanyi haka suka zo ba, ko cikin dare suka canja. Wannan tambaya ba ƙarama ba ce. Naman ƙwauri yana cikin ɗakuna huɗu da wata fata mai tauri ta kewaye, idan kumburi ya taru a ciki ya rasa wurin fita, yakan matse jini ya kashe nama cikin 'yan awoyi, kuma karayar tibiya ce ta fi jawo wannan matsala. Babbar alamarsa ita ce zafin da ya wuce kima wanda ke ƙaruwa idan an lanƙwasa yatsu. Ba a gane cewa zafi yana ƙaruwa sai idan wani ya rubuta yadda yake awa biyu da suka wuce.

Idan fata ta fashe

Buɗaɗɗiyar karaya tana da nata ma'aunin. A 1976 likitoci biyu a birnin Miniyapolis na Amurka, Ramon Gustilo da John Anderson, suka wallafa nazarin da suka yi a kan karaya 1,025, suka kasa su gida uku. Mataki na ɗaya shi ne rauni mai tsafta da bai kai santimita ɗaya ba. Na biyu ya fi haka girma amma nama bai lalace sosai ba. Na uku shi ne wanda nama ya dagargaje ko datti ya shiga sosai. A 1984 aka sake raba na ukun: IIIA idan akwai naman da zai rufe ƙashi, IIIB idan ƙashi ya tsiraita har sai an ɗauko nama daga wani wuri, IIIC idan babbar jijiyar jini ta yanke tana buƙatar ɗinki. Haɗarin ruɓa da na yanke ƙafa yana hawa ne tare da matakin.

Ba a tabbatar da matakin a ɗakin gaggawa, sai an shiga tiyata an wanke raunin an cire mataccen nama, domin ƙaramin rami a fata yakan ɓoye ɓarna mai yawa. Shi ya sa rahoton tiyata yake da nauyi a wajen mai ba da lamba. Lokacin ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ma dole ne ya fito a rubuce. Ƙa'idojin likitocin ƙashi na Birtaniya sun nemi a ba da shi cikin awa ɗaya da samun raunin, kuma asibitin da ba ya rubuta lokaci ba shi da hanyar sanin ko yana kusa da wannan mizani ko yana nesa.

Akwai wasu ma'aunan da likitocin ƙashi ke amfani da su a tsakaninsu. Na Schatzker ya kasa karayar saman tibiya gida shida. Na Weber ya raba ta idon sawu zuwa A, B da C gwargwadon tsayin inda fibula ta karye. Na Salter da Harris, wanda aka wallafa a 1963, na wurin tsawon yara ne. Kalma ɗaya daga cikin waɗannan a kati tana rage wa likita na gaba dogon bincike.

Yadda Amurka ta faɗaɗa tsarin

Amurka ta ɗauki bugu na goma ta ƙara masa rassa ta kira shi ICD-10-CM, ta fara aiki da shi ranar 1 ga Oktoban 2015. A lokacin lambobinsa sun kai kusan 70,000, kuma a can asibiti ba ya samun kuɗinsa daga kamfanin inshora sai da su. Lambar karaya a wannan tsari tana da gurbi bakwai. S82.221A, alal misali, tana nufin tsakiyar tibiyar dama ta karye a gicciye, ta goce, fata ba ta fashe ba, kuma ana tsakiyar maganin farko. Idan aka mayar da 1 na ƙarshe ya zama 2, an koma ƙafar hagu. Akwai lamba daban ga karayar da ta bi a karkace, da wadda ta murɗe, da wadda ta farfashe.

Harafin ƙarshe shi ke ba da tarihin jinyar. A, B da C na lokacin magani na farko ne: A rufaffiya, B buɗaɗɗiya mataki na ɗaya ko na biyu, C mataki na uku. D na mai rufaffiyar karaya ne da ya dawo duba ƙafa tana warkewa yadda ya kamata, G idan haɗuwar tana jinkiri, K idan ƙashin ya ƙi haɗewa, P idan ya haɗe a karkace, S kuma na lahanin da ya rage bayan an warke. Ba lallai ne asibitocinmu su kwafi wannan tsari ba, domin an gina shi ne a kan kasuwar inshorar Amurka. Darasinsa dai a fili yake: tambayoyin da yake tilasta wa likita ya amsa, wace ƙafa, wane ƙashi, wane wuri, wane fasali, ta goce ko ba ta goce ba, fata ta fashe ko a'a, wane mataki jinya take, su ne tambayoyin da kowane majinyaci ya cancanci a amsa a katinsa, a Kano yake ko a Damagaram.

Me ya karya ƙafar?

ICD ba ta tsaya a kan raunin ba, tana da babi guda na musabbabi. V20 zuwa V29 na wanda ke kan babur ne, har ana bambanta matuƙi da fasinja. V30 zuwa V39 na masu babur mai ƙafa uku ne, irin Adaidaita Sahu. V02 na mai tafiya a ƙasa ne da babur ya buge, V03 wanda mota ta buge. W14 faɗowa daga bishiya ce, V80 kuma ta haɗa da wanda doki ya kayar. Harbin bindiga ma yana da nasa lambobin, ana raba na ganganci da na kuskure.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, waɗanda ke samun rauni kuma suna tsakanin miliyan 20 zuwa 50. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Najeriya, wadda aka kafa a 1988, suna rubuta hatsarin da suka je wurinsa, amma da yawa daga cikin waɗanda babur ya kayar a lungu 'yan uwa ne ke kwasar su, katin asibiti ne kaɗai shaidar abin da ya same su. A Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur, babur mai ƙafa uku ya maye gurbinsa a titunan birni. Wanda ke son ya san yadda irin wannan mataki ke canja yawan karaya da nau'inta, rajistar asibiti zai buɗe, kuma ba za ta amsa masa ba sai idan an rubuta abin hawan da ya jawo kowane rauni.

Waɗanda suka fara zuwa wurin mai ɗori

Babu wanda zai yi maganar karaya a ƙasar Hausa ya tsallake masu ɗori. Sana'a ce ta gado, suna kusa da jama'a, kuɗinsu da sauƙi, mutane kuma sun yarda da su. Akwai karayar da ke haɗewa a hannunsu. Akwai kuma wadda ke dawowa asibiti bayan makonni ko watanni, ƙashi ya haɗe a karkace, ko bai haɗe ba, ko yana fitar da ruwa, ko kuma ɗaurin kara ya matse ƙafa har ta yi baƙi. Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake cikin tsofaffin asibitocin ƙashi uku na tarayya tare da na Igbobi a Legas da na Inugu, yana karɓar majinyata daga jihohin Arewa da dama, irin waɗannan na cikinsu.

ICD tana da lambobin wannan mataki. M84.0 ƙashi ne da ya haɗe a karkace, M84.1 wanda ya ƙi haɗewa, M84.2 wanda ya yi jinkiri, M86 kuma ciwon da ƙwayoyin cuta suka shiga ƙashi. Amma lambar ba za ta nuna hanyar da majinyaci ya bi ba sai an rubuta ranar karaya, inda aka fara kai shi, irin ɗaurin da aka yi da tsawon lokacinsa. Haka nan wanda dangi suka sa hannu suka fitar da shi daga asibiti, a rubuta dalilinsu, kuɗi ne, ko tsoron yanke ƙafa, ko jiran tiyata ne ya yi tsawo. Majinyata da yawa suna ɓoye cewa sun je ɗori saboda gudun faɗa, don haka sai an tambaya cikin mutunci kafin a samu gaskiya. Da irin wannan bayani ne za a iya zama da masu ɗori a nuna musu da hujja wace karaya ce ya kamata su tura asibiti nan take, musamman wadda fata ta fashe da wadda ta shiga gaɓa.

Kuɗi, diyya da haƙƙi

Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora a kan 'yan Najeriya, jihohi kuma sun kafa nasu hukumomin taimakekeniyar lafiya. Duk inda wani ne zai biya kuɗin magani, zai nemi ya ga cewa aikin da aka yi ya dace da ciwon da aka rubuta. Asibitin da ya shiga tiyata sau uku ya sa ƙarfe a ƙafa, alhali katinsa na nuna rufaffiyar karaya da ba a faɗi wurinta ba, ya buɗe ƙofar a ƙi biyan sa, kuma ƙarshenta a kan majinyaci nauyin ke faɗawa. Ma'aikacin da ya karye a bakin aiki yana da haƙƙin diyya a ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wanda mota ta buge yana iya zuwa kotu, kuma dukansu rahoton likita za a nema, wanda ba a iya rubuta shi bayan shekara biyu sai daga abin da ke cikin fayil. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa asibitoci alhakin ajiye bayanan majinyaci da kare sirrinsa. Rubuta dama a wurin hagu kuwa kuskure ne da ke iya bin mutum har teburin tiyata.

Abin da ya kamata a yi

Gyaran bai buƙatar jiran kwamfuta. Takarda guda mai gurabe da aka buga aka ajiye a ɗakin gaggawa, wadda ke tambayar ɓangare, ƙashi, wuri, fasali, halin fata, bugun jini, motsin yatsu, musabbabi, lokaci da maganin da aka yi kafin zuwa, za ta taimaki likitan da ke duba mutum da yawa shi kaɗai cikin dare. Shugabannin asibitoci su ɗauki ƙwararrun ma'aikatan adana bayanai masu rajista, su ba su damar mayar da kati ga likita ba tare da fargaba ba, su kuma riƙa duba yawan S82.9 a rajistarsu duk wata. Makarantun likitanci da na jinya su koyar da rubutun kati da muhimmancin da suke ba ɗinki da ɗauri. Ma'aikatun lafiya kuma su fara horar da ma'aikata a kan bugu na goma sha ɗaya, inda wannan karaya ta koma ƙarƙashin NC92.

Kai kuma mai karatu, idan kai ne ke jinyar ɗan uwa, ka faɗa wa likita gaskiyar yadda abin ya faru da inda kuka fara zuwa. Ka tambayi wane ƙashi ne ya karye, a wane wuri. Ka karɓi takardar sallama, ka duba ko an rubuta ƙafar da ta dace, ka adana ta tare da hotunan ƙashi da lambar kati, ka riƙa zuwa da su duk ranar da aka ba ku ta dawowa.